Buhun da Yake Ƙyafta Ido a Hanyar Damaturu

Ba na jin akwai ranar da zan manta da safiyar da ni da Ba Modu muka kwanta rub da ciki a cikin taɓo a hanyar Damaturu, saboda wani buhun shinkafa da babu ko ƙwayar shinkafa a cikinsa. Sababbin zuwa garejin nan kun dame ni da tambayar fasasshen akwatin da ke rataye saman teburinsa. To bari in rubuta muku sau ɗaya a nan guruf, kowa ya karanta, ni ma in huta. Da waya nake rubutu, in kun ga kuskure ku wuce.

Ina gama difloma na fara aiki a nan Gwange wajen Oga Emeka, mai garejin. Lokacin an hana acaɓa a gari, kowa ya koma keke napep, man fetur kuma in an samu yau gobe babu. Oga Emeka ya fi shekara ashirin yana sayar da kayan gyara a Maiduguri, Kanurinsa ma ya fi nawa kyau. Shi ya bi ya bi har ya samo mana lasisi daga wani kamfani na ƙasar waje. Ba irin lasisin tuƙi ba. Fasahar tasu ce, ba su sayar mana ba, izini kawai suka ba mu mu haɗa mu ɗora wa keke bisa sharuɗɗansu.

Kayan kashi biyu ne. Akwai sabon akwatin giyar inji da kuloci, sai wani ɗan baƙin akwati mai wayoyi, girman sabulun wanki, da muke ce wa ƙwaƙwalwa. Ita ke zaɓar lokacin canza giya da yawan man da zai shiga inji. Kuma wallahi tana aiki. Man da a da yake kai direba azahar, sai ya kai shi bayan la'asar. Keke ashirin da uku muka ɗora wa a zagayen farko.

Muƙamina a takarda jami'in lasisi ne, wato ni ke karanta turanci, in cike fom, in amsa saƙon kamfani. Ba Modu shi ne shugaban makanikai, dattijo ɗan Hausari, tun kafin a haife ni yake kwance inji. Bai taɓa kirana da muƙamin nan ba. In yana jin daɗina ya ce tadanyi, wato ɗana. In na ba shi haushi ya ce Mai Takarda.

Sharuɗɗan da suka shafi labarin nan biyu ne. Kowace ƙwaƙwalwa tana da sim a ciki, kuma dole ta gaisa da kamfani ta sabis aƙalla sau ɗaya cikin kwana sittin. In ba ta gaisa ba, sai ta hana keke wuce giya ta biyu. In shirun ya ƙara wata guda, kamfani zai ɗauka an sace fasahar ana kwafa, ya soke lasisi. Na biyun kuma, akwai wani jan hatimi da aka manne a bakin murfin akwatin. Duk ranar da hannun wani ɗan gareji ya tsinke shi, ko da na akwati ɗaya ne, lasisi ya mutu, kuma ba za a ƙara turo ko kusa ɗaya ba.

Ranar sa hannu wakilin kamfani ya zo da kansa. Ya ce in fassara wa Ba Modu sharaɗin hatimi, don shi ne mai sukudireba. Na fassara. Ba Modu ya dangwala yatsa, ya kalli mutumin ya ce, "Gaya masa na ɗauka. Hannuna da hannun yarana ba za su buɗe ba." Ni dai na fassara na wuce, hankalina yana kan lemon da aka ajiye.

Sai aka yanke sabis ɗin waya a jihar gaba ɗaya. Waɗanda kuke gari a shekarar kun tuna, waya ta koma tocila da agogo. Mu duk tunaninmu yana kan 'yan uwa da dokar hana fita, babu wanda ya tuna ƙwaƙwalwa ma waya ce. Ni da aikina ke nan ban tuna ba, sai da kwana sittin suka cika.

Cikin azumi ne, damina ta sauka. Da sassafe Ya Kura ya turo kekensa cikin gareji. Tsohon ɗan acaɓa ne, 'ya'yansa shida, ga iyalan ƙanensa da suka gudo daga ƙauye suna gidansa a Mairi. Ko gaisuwa bai tsaya yi ba.

"Ba Modu, wane irin abu kuka sa mini? Keke yana tafiya kamar mai jego! Jiya wata tsohuwa ta sauka ta ce gara ta taka, kuma wallahi ta riga ni isa."

Kafin azahar keke tara sun shigo. Kafin mako ya ƙare duka ashirin da ukun suna rarrafe. Na je wani shagon intanet da ke da kwanon tauraron ɗan adam, na biya kuɗi mai zafi na tura wa kamfani saƙo har sau uku. Duk amsa ɗaya ke dawowa, irin wadda inji ke turowa: mun karɓi ƙorafinka, mun gode.

Oga Emeka ya kira mu ofis. Ni na fara magana, don na riga na yi nazarin zanen. Na ce abin mai sauƙi ne, a buɗe murfi, a haɗa wayoyi biyu, ƙwaƙwalwa ta ɗauka ta gaisa. Minti biyar kowane keke. Na ce, "Babu sabis, Oga. Wa zai gani? In abubuwa suka daidaita sai mu san abin da za mu ce."

Na ga maganar ta shigi Oga Emeka. Ya juya ya ce, "Ba Modu, me ka gani?"

Ba Modu bai kalle shi ba, ni ya kalla. "Mai Takarda, ranar da baƙon nan ya zo, wa ya fassara mini?"

Na ce ni ne.

"Ka ce masa zan riƙe alkawari in akwai sabis, in babu in saki?"

Na ce, "Ba Modu, mutane fa suna jin yunwa."

Ya ce, "Na sani, a layinmu suke. Takarda taku ce, ku yaga in kun so. Bakin da ya yi alkawari kuwa nawa ne. Kuma in ka buɗe yau suka soke gobe, ranar da giyar Ya Kura ta ci haƙori, a wane kanti za ka samo masa irinta?"

Wannan ta ƙarshen ita ta sauya ra'ayin Oga Emeka. Sai Ba Modu ya kawo tasa shawarar. An ce sabis ya dawo a Damaturu, mutane har zuwa suke yi don kiran waya kawai. Tunda sabis ya ƙi zuwa wajen akwatuna, a kai akwatuna wajen sabis. Ciro ƙwaƙwalwa daga keke ba ya taɓa hatimi, kusoshi biyu ne da soket. Illar kawai, keke ba ya tashi in babu ita, don haka duk direbobin za su yi kwana biyu a zaune. Muka tara su muka yi bayani. Aka yi ta ƙorafi, daga baya Ya Kura ya ce, "In Ba Modu ne zai kai, ga nawa." Sauran suka bi. Ba Modu ya sa na rubuta sunan kowa a farin salatif na manna a akwatinsa.

To ga inda na tafka tawa. Na yi lissafin cewa in muka je sai mun jona su ɗaya bayan ɗaya, lokaci zai tafi, hanya kuma da wuri ake rufe ta. Sai na samo batirin mota, na jona duka ashirin da ukun a jikinsa tun daga gida, yadda muna shiga sabis za su gaisa da kansu. Na naɗe wayoyin da baƙin salatif tsaf, na zuba komai a buhun shinkafa don kada ruwa ya taɓa. Kowane akwati yana da ɗan koren fitila da ke ƙyaftawa in yana neman sabis. Har ina jin daɗin kaina. Ku dai ku tsaya ku hango abin: batir, wayoyi, baƙin salatif, sim ashirin da uku, fitilu na ƙyafta ido cikin buhu, a hanyar Damaturu, a waccan shekara. Ni ɗan gari, ban hango ba. Ba Modu ma bai san na jona ba, ya ɗauka a kashe suke.

Ana ɗage dokar hana fita muka shiga motar haya. Tsarin hanya a lokacin, in an zo shinge kowa ya sauka, ka ɗaga hannu sama da katin shaidarka, ka taka ka wuce, direba ya buɗe but. Shinge biyu na farko buhunmu yana ƙasan kayan wata mata mai busasshen kifi, babu wanda ya kai gare shi. A na uku, wani soja ya sa bakin bindiga ya ture kwalin kifin. Bakin buhun ya ɗan buɗe.

Ihun da ya yi har yau ina jinsa. Kafin in san me ake ciki duk muna ƙasa, fuskata cikin taɓo, mai kifi tana salati da ƙarfi. Sojoji sun ja baya sun saita mu. Babbansu, wani saje mai furfura a gemu da Hausarsa irin ta 'yan Filato, ya daka tsawa: "Na wane ne buhun nan?"

Bakina ya ƙi buɗuwa. Sai na ji muryar Ba Modu daga gefena, a natse kamar yana kiran mai shayi: "Nawa ne, ranka ya daɗe."

Kunya ce ta buɗe mini baki, ba jarumta ba. Na ce ni na jona wayoyin, kayan keke ne, akwai takardu a aljihuna. Saje ya ce tunda ni na jona, in tashi ni kaɗai in je in cire. Aka kwashe kowa zuwa nesa. Na taka zuwa but ɗin nan, na san bindiga nawa ke kallon bayana. Na cire kan batir, fitilu suka mutu. Na zazzage akwatunan a kan kwalta na jera su.

Saje ya karɓi takardar lasisi, ya karanta har shafi na biyu, ya miƙo mini. "Takarda ko mai bom zai iya bugawa. Tsoho, kai ne makanike? Buɗe ɗaya in ga cikinsa."

Na ji sanyi a raina, na ce shi ke nan an gama. Har na zaro sukudireba. Ba Modu ya riƙe hannuna.

"Ranka ya daɗe, ba zan iya buɗewa ba."

 Direban motarmu ya ce, "Baba, don girman Allah!" Mai kifi ta koma Kanuri tana roƙonsa, tana cewa ya tuna jikokinsa. Ni kuwa na matsa kunnensa na ce, "Ba Modu, lasisi ya ci wuta, ranmu ake magana."

Saje ya matso har numfashinsa na taɓa hular tsohon. "Ka san inda ake kai wanda ya ce ba zai buɗe ba?"

"Na sani. Ba ƙin umarninka nake ba. Ka ga jan abin nan? Na yi wa masu shi alkawari hannunmu ba zai tsinke shi ba. In na tsinke, mutum ashirin da uku da sunayensu ke jiki sun rasa sana'a. In kana so, in rungume shi a ƙirjina ka tabbata ba komai."

Saje ya yi wata dariya marar daɗi. "A garin nan? Ai masu runguma muke nema."

Ba Modu ya gyaɗa kai kamar an gyara masa lissafi. Ya ɗan yi tunani, ya ce, "To kai ba ka yi wa kowa alkawari ba, kuma kana da abin buɗewa daga nesa. Zaɓi wanda ranka ya so, a ajiye can kan tudun nan, ka harbe shi. In bom ne zai faɗa maka da kansa."

 Saje ya sa takalmi ya ture ɗaya daga tsakiyar layi. Ni aka sa na kai shi kan tudun. Ina ajiyewa idona ya sauka kan farin salatif. Ya Kura.

Harbi ɗaya aka yi. Akwatin ya yi tsalle ya tarwatse, tsuntsaye suka tashi, shi ke nan. Saje ya jira, ya taka da kansa ya tona ɓaraguzan da tsinke. Koren allo ne da 'yan ƙananan ƙarafa da sim. Ya dawo yana goge zufa, ya nuna ni da yatsa ya ce, "Kai, wace makaranta ka yi?" Na faɗa masa. Ya ce, "Su dawo maka da kuɗinka." Har mai kifi sai da ta yi dariya tana hawaye.

Ni na ɗauka mun gama, har na fara cusa kaya a buhu. Ba Modu kuwa ya hau tudun, ya cire hularsa, ya tsince ɓaraguzan ɗaya bayan ɗaya a ciki. Harsashin ta gefe ya shiga. Bakin murfin da jan hatimin suna manne da juna, ko ƙwarzane babu. Ya dawo ya tsaya gaban saje.

"Ranka ya daɗe, saura abu ɗaya. Ka rubuta mini a bayan takardar nan cewa kai ka harbe."

"Tsoho, kai ba ka gajiya ne?"

"Azumi nake, na gaji tun ɗazu. Amma masu kayan ba su san ka ba, ba su san hanyar nan ba."

Saje ya girgiza kai, ya ɗora takardar a kan bonet ya rubuta layi uku ya sa hannu. Ya kuma ce in mun zo shingen gaba, tun daga nesa mu fito da buhun a buɗe, batir a hannun wani daban. Haka muka yi har Damaturu.

Muna shiga gari wayoyin mutanen motar suka fara kuka gaba ɗaya, saƙonnin wata biyu suna shigowa. Muka samu inuwa a bayan tasha, na jona akwatunan, wannan karon a fili kowa na gani. Fitilu suka ƙyafta, suka ƙyafta, sai ɗaya ta tsaya cak tana haske. Sai ta biyu. Ba Modu yana tsugune yana karanta sunaye kamar mai kiran rajista, har ashirin da biyu.

Na kira lambar kamfani, aka yi ta miƙa ni daga wannan zuwa wancan har na samu injiniyar da ke kula da lasisinmu, wata mata mai magana da sauri. Ta ce dama tana nemanmu, akwatunanmu duk sun ɓace a allonta rana ɗaya, takardar soke lasisi tana kan tebur ana jiran cikar wa'adi. Ba ta ma san ana iya yanke sabis na jiha guda ba. Ta ce yanzu ta ga ashirin da biyu sun dawo, ina ɗayan? Na ɗauki hoton hular da ɓaraguzan, da hatimin, da rubutun saje, na tura mata. Na ba ta labarin a gajarce.

 Sai ta ce, cikin wata murya daban, "Me ya sa bai buɗe kawai ba? Za su iya kashe ku."

Na fassara wa Ba Modu. Ya ce, "Gaya mata ta tambayi wanda suka aiko ya karɓi alkawarin. Sannan ka ce mata, in za su sake ƙera wa keke abu, su fara tambaya ko garin da za a kai shi waya na shiga kullum." Na fassara duka biyun, ban rage ba.

A Damaturu muka kwana don an rufe hanya. Washegari da hantsi muna gareji, direbobi sun cika ƙofa. Kowa ya karɓi nasa, Ya Kura yana tsaye yana jiran a kira shi. Ni na kasa haɗa ido da shi. Ba Modu ya miƙa masa hular, ya faɗa masa yadda aka yi, bai ambaci batirina ba ko sau ɗaya. Ya Kura ya kalli sunansa a yagaggen salatif ya ce, "Duk cikin ashirin da uku, ni sojan ya gani?"  Ba Modu ya wuce wajen keken gwaji na gareji, wanda sharaɗin gaisuwa bai shafe shi ba, shi yake hawa zuwa gida, ya kwance ƙwaƙwalwarsa ya ɗaura wa Ya Kura. Mako bakwai yana takowa daga Hausari zuwa Gwange da ƙafa kafin sabon akwati ya iso.

Tare da sabon akwatin kamfani ya turo gyararriyar yarjejeniya. An cire sharaɗin gaisuwa ta sabis, aka maye shi da wata 'yar na'ura da ake sabunta akwati da ita a cikin gareji. Sannan aka ƙara layi ɗaya: an yarda mutum ɗaya, da sunansa, ya tsinke hatimi ya gyara ciki, ya manna sabo. Ba sunan Oga Emeka aka sa ba, ba kuma na jami'in lasisi ba.

Abin da na koya, kuma shi nake so ku riƙe: ni na iya karanta yarjejeniya, amma na ɗauke ta abin da ake bi in ana kallo. Shi bai iya karanta ko layi ɗaya ba, amma shi ya san me aka ba mu. Masu fasaha ba ƙarfe suke ba ka aro ba, sirrinsu suke ajiyewa a hannunka daga inda ba sa ganinka. Su ma kuma sun koyi nasu, cewa abin da aka zana a ofis mai sanyi sai ya bi hanya irin tamu kafin a ce ya kammala. Sai na ukun, wanda nawa ne ni kaɗai: kafin ka ɗaure kaya, ka kalle su da idon wanda zai tare ka a hanya.

Ranar da izinin ya iso duk muka zagaye teburin Ba Modu, don kowa na son ganin ya buɗe na farko. Ya yi bisimilla, ya tsinke hatimin, ya ɗaga murfi. Ya daɗe yana leƙa koren allon nan, ya juya shi sama da ƙasa. Sai ya ɗago ya kalle ni ta saman tabarau.

"Tadanyi, dama ɗan wannan ne duka?"

Na ce shi ne.

Ya mayar da murfin, ya manna sabon hatimi, ya danne shi da babban yatsa. "To miƙo mini sufana lamba goma sha biyu, keken mutane na jira."